Ƙurjin gaba yana tafiya yana dawowa, awo kuma ya ce babu komai

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci na, shekarata 36, ina zaune Mabera nan cikin Sakkwato, yadi ni ka saidawa kasuwa. Matata guda, ɗiyanmu ukku. Shekara biyu ke nan wani ƙurji na fito min ga kan kaciya. Sai in ji wurin na ƙaiƙayi da zafi, ya yi ja, ya ɗuri ruwa, ya fashe ya koma miki. Bayan kamar kwana goma ya warke, ya bar baƙin tabo. In anka yi wata ukku ko huɗu sai ya dawo, kuma wuri gudan nan dai. Sau shidda ke nan. Sau biyu har leɓena ya yi irin shi. An ɗebi jinina sau ukku, anka auna tunjere da ƙanjamau da wata cuta da sunka ce hapis, anka auna fitsari, duk anka ce babu komi. Matata ma an aune ta, lafiyarta lau. Mai kemis na unguwarmu yac ce sanyi na, shi ka haɗa min magani, dama shi ka ba ni in na ji zazzaɓi ko ciki ya ɓaci. Na yi wanki da bagaruwa, na sha na gargajiya. Mahaifiyata tac ce tsallake na yi. Wata huɗu ke nan ban kusanci iyalina ba don tsoron in sa mata, ita ko ta ɗauka wata ni ka nema. Ni ma, Allah shi gafarta min, zuciya ta fara raya min ko wurinta abin ga ya fito. Likita, mi ka damuna? Ashe akwai cutar da awo bai gani?

Wani magidanci, Mabera

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ƙanena. Sannu da fama, Allah ya ba ka lafiya. Na bar wasiƙarka yadda ka rubuto ta, sunanka kawai na cire, domin akwai maza da dama da ke kwana da irin wannan lalura su tashi da ita, ko aminansu ba su iya faɗa wa.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe. Ƙwarai kuwa akwai cutar da awo ba ya gani, kuma ba guda ɗaya ba ce. Awon asibiti abin da aka aike shi nema kaɗai yake dubawa. In ka aiki yaro kasuwar Kara ya dubo maka ko an kawo raƙumi, ya dawo ya ce babu, ai bai ce maka kasuwa ba ta ci ba. An aiki jininka neman tunjere da ƙanjamau da hapis, wato cutar da ke fitar da ƙananan ƙuraje masu ruwa a gaba ko a leɓe, an aiki fitsarinka neman sanyi, sun dawo sun ce ba su gani ba. Wannan abin godiya ne, ka gode wa Allah a kansa. Sai dai cututtukan da ake ɗauka ta wajen saduwa ba su kaɗai ke fasa fatar gaba ba. Fata ce kamar ta sauran jiki, ta ma fi laushi, kuma kusan duk abin da ke taɓa leɓe da cikin baki yana iya taɓa ta.

Ban gan ka ba, ban ga mikin ba, don haka ba zan sa wa ciwonka suna daga nan ba. Amma da na maimaita karanta wasiƙarka, wata magana da ka jefo kamar ba a bakin komai ba ita ta fi tsaya mini a rai, wato cewa mai kemis ɗin unguwarku ne ke ba ka magani duk sanda ka ji zazzaɓi ko ciki ya ɓaci. Na haɗa ta da wuri ɗayan da ƙurjin ke komawa, da baƙin tabon da yake bari, da leɓenka da ya taɓa yin irinsa, sai hankalina ya tafi ga wani abu da likitocin fata suka sani sarai, amma a kan kantar kemis ba a cika tunawa da shi ba.

Wani irin borin magani ne. Mutum ya sha wata ƙwaya, jikinsa ya ƙi ta, amma maimakon ƙuraje su feso masa ko'ina kamar yadda aka saba gani a borin jini, sai abin ya zaɓi gurbi ɗaya ya zauna. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke tarewa a cikin fatar wannan wurin su riƙe kamannin maganin. Ko bayan shekara ne, da zarar maganin ya sake shiga jini sai su tashi su far wa fatar da suke zaune a cikinta. Wurin ya fara ƙaiƙayi ko zafi kamar an ɗiga tafasasshen ruwa, ya yi ja ko ya yi duhu a zagaye kamar kwabo, wani lokaci ya ɗuri ruwa ya saɓule. Ga wanda ya taɓa yi wa, yakan taso tsakanin rabin awa zuwa awa takwas bayan ya haɗiyi ƙwayar. Ya warke cikin mako ɗaya ko biyu ya bar tabo, kuma duk dawowa tabon sai ya ƙara baƙi. Wuraren da ya fi kamawa su ne leɓe, da hannu, da kan kaciyar namiji. Ka sake karanta wasiƙarka ka ga ko ba shi ka siffanta ba.

Maganin da ya fi yin suna a wannan, musamman a gaban namiji, shi ne Septrin, wanda a garinmu ake watsa shi baki kamar gyaɗa, a tari, a gudawa, a zafin fitsari. Fansidar na zazzaɓin cizon sauro danginsa ne, dukansu suna ɗauke da sinadarin salfa, kuma wanda ɗaya ya ƙi sau da yawa ɗayan ma yakan ƙi shi. Akwai kafso ja da yalo, wato tetirasaikilin, da ɗan'uwansa doksisaikilin. Akwai Flagyl. Akwai magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak da Feldene, har farasitamol da muke gani kamar ba magani ba yana yi wa wasu. Magunguna ne masu amfani da suka ceci rayuka ba adadi, jikin wani ne kawai ba ya karɓar wani daga cikinsu.

Ga inda abin ke ba ni takaici. Haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda da sunan maganin sanyi, akasari daga cikin waɗannan ɗin ake tsinto shi. To ka duba: mutum ya ji zazzaɓi, ya sha ƙwaya, gabansa ya fashe, ya koma kemis a ce sanyi ne, a haɗa masa wasu ƙwayoyin wataƙila har da wadda ta jawo abin. Miki ya ƙara faɗi ko ya ja lokaci bai rufe ba, sai a ce sanyin ne ya yi ƙarfi, a ƙaro wani haɗin. Na taɓa ganin wani direban babbar mota da ya shekara uku a cikin wannan zagayen, aurensa na tangal-tangal, ashe maganin ciwon baya ne da yake sha duk ranar da ya sauke kaya. Ba ina cewa mai kemis ɗinku mugu ba ne, taimakonka yake nufi. Amma kalmar sanyi ta zama buhun da muke cusa duk wani ciwon da ke ƙasan cibiya, kuma da zarar an ce sanyi ne sai kowa ya daina tambaya.

Abin da nake so ka fara yi ba ya cin ko kwabo. Ka sami takarda da biro ka zauna, ka tuno karo shidan nan ɗaya bayan ɗaya: wane wata ne, me ya same ka a ranar ko daren da ya gabata, me ka sha. Lokacin damina ne da zazzaɓi? Bayan gudawa ne? Bayan ciwon haƙori ko ciwon kai? Sannan ka je wurin mai kemis ɗin cikin mutunci ka roƙe shi ya rubuta maka sunan duk maganin da ya saba ba ka. Daga yau kuma kada ka ƙara karɓar ƙwaya tsirara a ƙullin leda, sai da kwalinta ko takardarta mai suna, ka riƙa adana su. Na gargajiyan da ka sha ma ka sa shi a lissafi, musamman in na kwalba ne ko gari da aka riga aka haɗa, domin wasu masu haɗawa sukan daka ƙwayoyin bature su zuba a ciki don mai sha ya ji sauƙi nan take.

Amma ina roƙonka, ƙanena, kada ka ce bari ka sake shan wanda kake zargi ka gani ko zai fito. Likita na iya yin irin wannan gwajin a asibiti da ɗan kaɗan in ya ga ya kamata, shi ma da taka-tsantsan. A gida ganganci ne. Borin da ya saba tsayawa wuri ɗaya yana iya bazuwa wata rana, fata ta riƙa saɓulewa a jiki kamar wanda ya ƙone, baki da ido su fashe, kuma magungunan salfa sun yi ƙaurin suna a wannan. Ranar da ka ga haka bayan shan magani, ko tsakar dare ne a kai ka asibiti. In kuwa an gano ƙwayar ka daina shan ta, ƙurjin ya tafi ke nan, tabon ne kawai zai ɗauki watanni, wani ma shekaru, kafin ya dusashe. Ka rubuta sunan maganin a ɗan kati ka sa a aljihu, ka faɗa wa iyalinka, ka faɗa wa duk ma'aikacin lafiyar da zai rubuta maka magani har ƙarshen rayuwarka. Wannan bori ba a ɗaukar sa, ba a sa wa kowa.

Duk da haka ban sallami hapis ba, kai ma kada ka sallame ta tukuna. A duniya ita ce kan gaba wajen kawo ƙurjin gaba mai maimaituwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna sama da mutum miliyan 500 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da nau'inta na biyu, wanda ya fi kama gaba, mafi yawansu ba su ma sani ba. Ita ma takan koma kusan wurin da ta saba. Abin da ya ƙara cuɗa lamarin shi ne zazzaɓi da gajiya da damuwa suna tayar da ita, don haka in ƙurjinka bayan zazzaɓi yake zuwa, tambaya ta rage: zazzaɓin ne ya tayar da hapis, ko maganin zazzaɓin ne ya tayar da bori? Kamanninsu na iya raba gardama. Hapis takan fara da tsikari ko ɗan zugi kwana ɗaya kafin a ga komai, sannan ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a cure kamar ƙwayar gero, su fashe, su bushe cikin mako guda zuwa kwana goma, kuma ba ta cika barin babban baƙin tabo mai zagaye ba.

Awon jinin hapis yana da rauni da ya kamata ka sani. Ba ƙwayar cutar yake nema ba, sawun da garkuwar jiki ta bari yake nema, kuma sawun na iya ɗaukar mako goma sha biyu kafin ya bayyana. Kai da ka shekara biyu an auna sau uku, wannan ya rage zargin sosai, sai dai akwai nau'in awon da ake kira IgM wanda ba ya tabbatar da komai ba ya kore komai, kuma ana yawan yin sa. Ka duba takardunka ka ga wanne aka yi maka. Ko mai kyaun, IgG, yakan tsallake wasu mutane. Awon da ya fi ƙarfi shi ne a goga auduga a kan ƙurjin kansa yana ɗanye a kai a nemi ƙwayar cutar da na'urar PCR, wadda kowa ya ji sunanta lokacin korona. Sharaɗinsa ɗaya ne, a yi shi cikin kwana biyun farko, ƙurji na da ruwa. In ya bushe ya yi ɓawo, da wuya a sami komai. Ba kowane ɗakin awo ke yin sa ba, wani lokaci sai an tura samfurin wani gari. Inda hakan bai samu ba, likita na iya ba ka asaikulobiya, maganin hapis, ka fara sha da jin tsikarin farko, a ga ko za ta gajarta shi.

In ma ta tabbata hapis ce, ba ta fita daga jiki amma ana danne ta da magani, ba ta rage ƙarfin namiji, ba ta hana haihuwa. Tana iya kwanciya a jijiya shekaru da yawa kafin ta nuna kanta, kuma nau'inta na farko, mai kawo ƙurjin zazzaɓi a leɓe, yawancin mutane tun suna yara suke ɗaukar sa. Saboda haka bayyanarta a gidan aure ba shaida ba ce a kan kowa. Abin kiyayewa shi ne in iyalinka ta sami ciki, a sanar da masu awon ciki tun da wuri.

Tunjere da ƙanjamau kuwa ka ajiye su gefe. Mikin tunjere yawanci ɗaya ne, mai tauri, ba ya zafi, yakan fito kamar mako uku bayan ɗauka ya warke da kansa. Awon farko na iya kuskure shi in an yi da wuri, haka na ƙanjamau in ba a cika wata uku ba, amma awo uku a tsawon shekara biyu sun wadatar.

Akwai wata cutar da nake so ka ba ni hankalinka a kanta, ko da yake ba ta da yawa a ƙasarmu. Sunanta cutar Behcet, sunan wani likitan fata ne ɗan Turkiyya, Hulusi Behcet, da ya siffanta ta a 1937. Ta fi yawa daga Turkiyya da Iran har zuwa Japan, amma ana samun ta a Afirka, kuma saboda ba a sa ran ganin ta sai ta daɗe ba a gane ta ba. Garkuwar jiki ce ke kumbura hanyoyin jini. Ba a ɗaukar ta wurin kowa, kuma babu awon jini ɗaya da ke cewa ga ta, shi ya sa mai ita zai yi ta yawon ɗakunan awo ana ce masa lafiyarsa lau. Da labari da duba ake gane ta. Takan fara ga mutum yana shekara ashirin zuwa talatin da wani abu, kuma ta fi tsanani ga maza matasa.

Ka ce leɓenka ya yi irinsa sau biyu, amma ba ka faɗi ko waje ne ko ciki ba, kuma bambancin na da girma. Alamar Behcet ta farko ita ce gyambo mai zafi a cikin baki, a harshe ko cikin kumatu ko cikin leɓe, mai farin tsakiya da jan baki, ya riƙa dawowa aƙalla sau uku a shekara. Mikinta na gaba ya fi fitowa a jakar maraina, yana da zurfi, in ya warke sai ya bar tabo mai lotsawa. Ka tambayi kanka: idonka ya taɓa yin ja da zafi, haske na damunka, ko ka riƙa gani dishi-dishi? Wasu jajayen kullutu masu zafi sun taɓa fito maka a ƙwauri? Gwiwa ko idon sawu na kumbura? Ƙafa ɗaya ta taɓa kumbura ita kaɗai? Wurin da aka yi maka allura ko aka ɗebi jini yakan yi ƙurji bayan kwana ɗaya ko biyu? In amsar ko ɗaya e ce, ka faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Maganar ido ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin kumburin cikin ido na wannan cuta yana makantarwa in an yi sakaci, alhali ana tare shi in an zo da wuri. A garinmu jan ido abu ne na kullum, ga ƙurar hunturu ga iskar bazara, kowa sai ya sayi ɗigo a kemis. Kai dai, muddin ana wannan bincike, jan ido mai zafi ko raguwar gani na likitan ido ne a ranar. Cutar na da magunguna, daga kolcisin zuwa masu kwantar da garkuwar jiki, kuma mutane na rayuwa da ita su yi aure su haifi 'ya'ya.

Sauran abubuwan zan bi su da sauri, domin ba su yi kama da labarinka sosai ba. A auna maka suga, ciwon suga na sa fatar gaba ta riƙa tsagewa. In akwai ƙaiƙayin dare da ƙuraje a tsakanin yatsu, yara ma na susa, to ƙazuwa ce, gida duka ake yi wa magani. In kana da gudawa mai daɗewa da rama da ƙurji a dubura, akwai ciwon hanji da ke fitar da miki a gaba. Akwai kuma cututtukan fata zalla da sai an yanki ɗan ƙaramin yanki an duba a madubin likita ake rabe su. Zafin Sakkwato kansa, a watan Afrilu da Mayu da ma'auni ke haura digiri 40, ga zama a rumfa yini guda cikin gumi da wandon roba, yana sa fata ta yi laushi ta goge. Ka koma ɗan kamfai na auduga mai sakewa, ka riƙa tsane wurin bayan tsarki.

Bagaruwa kuwa ka dakatar da ita. Ka san da ita majema ke jeme fatar akuya, aikinta ke nan, ta ɗaure fata ta busar da ita. A kan buɗaɗɗen miki a wuri mai laushi sai ta ƙara masa zafi, ta kuma sauya masa kama yadda likita zai gani ya kasa ganewa. Haka Dettol da ake tsiyayawa ba a sirka ba, da sabulun magani, da man goge baki, da toka, da man shafawar da masu lasifika ke tallatawa na ƙarin ƙarfi, da kirim ɗin nan masu haɗi uku da ake saye ba takarda. Da yawa daga mikin da ke ƙin warkewa, abin da ake shafa masa ne ke riƙe shi. Ruwa mai ɗumi da ɗan gishiri kaɗan ya isa. In kuwa wata rana miki ya haura mako huɗu bai rufe ba, ko bakinsa ya yi tauri, ko yana zubar da jini, ko kaluluwa ta fito a matsematsi ta ƙi sauka, wannan sai an yanki nama an duba don a kore ciwon daji. Dajin gaba ba shi da yawa ga wanda aka yi wa kaciya tun yana yaro, kuma ciwon da ke warkewa sarai ya dawo ba halinsa ba ne, na faɗa ne don sauran masu karatu.

Yanzu maganar zuwa asibiti. Ina kyautata zaton duk zuwan da ka yi, ko dai miki ya riga ya bushe, ko kuma kai tsaye ɗakin awo ka nufa ba wanda ya buɗe ya duba. Haka yawancin mazanmu ke yi. A yi ta jan ƙafa saboda kunya har kwana bakwai, sannan a je a ce wa likita "ina jin alamun sanyi", a miƙa hannu a ɗebi jini a dawo. Likitan fata da ido yake aiki, kallo ɗaya na ƙurji ɗanye ya fi masa takardun awo goma. Ka je tun yanzu da kake lafiya ka yanki kati a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ka nemi a tura ka wurin likitan fata. Ka tafi da takardun awonka duka, da jerin magungunan, da takardar da ka rubuta tarihin karo shidan. Ka nuna masa tabon, shi ma shaida ne. Ka tambaye shi yadda za ka same shi cikin kwana biyu in abin ya taso, domin ranar da ake bayarwa ta dawowa ba lalle ta dace da ranar ƙurji ba. In ya taso a ƙarshen mako ko kana kan hanya, ka ɗauki hotonsa da waya a haske mai kyau, ranar farko da ta biyu da ta huɗu, ka kulle hotunan yadda yara ba za su gani ba, ka goge bayan likita ya duba. In ka fi sakewa da likita namiji, ka faɗa, haƙƙinka ne. Buɗe al'aura don magani lalura ce da malamai suka halatta, kuma abin da kake jin nauyin nunawa shi likitan yake gani kowace safiya.

Maganar iyalinka ita ta fi taɓa ni a wasiƙar nan. Wata huɗu, ƙanena. Ko wanda ya rantse zai ƙaurace wa matarsa, wata huɗu shari'a ta ɗibar masa. Kai don tausayinta ka janye, na gane, amma ita ba ta san haka ba. Abin da take gani shi ne miji ya juya baya, ya kai ta an ɗebi jininta, ya dawo ya yi shiru. Wace mace ce ba za ta kwana tana saƙe-saƙe ba? Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci ka faɗa mata komai, ka nuna mata takardun, in ta iya karatu ka ba ta wannan amsar ta karanta. Ka ce mata tsoron cutar da ita ne ya hana ka. Zargin da zuciya ke raya maka kuwa, ka dubi abin da ke hannunka: an aune ta ba a sami komai ba, ba ta da ƙurji, kuma manyan abubuwan da na fi zato a kanka ba a ɗaukar su wurin mace. Allah ya gaya mana wani sashe na zato zunubi ne, kuma kai kanka ka ji zafin da ake ji in an zargi mutum da abin da bai yi ba, tunda ita ma ta zarge ka.

In fata ta rufe sarai babu miki babu tsikari, ka koma shimfiɗarka. Kafin a gama kore hapis, ku haƙura daga ranar da ka ji alamar farko har wurin ya warke tas, kuma kwaroron roba na rage haɗarin a tsakani ko da yake ba ya kawar da shi duka. Ku yi shawarar tare, ita ma tana da bakin magana a ciki.

Hajiya kuma kada ka yi gardama da ita a kan tsallake. Uwa ce, ta ga ɗanta na wahala an ce awo bai ga komai ba, dole ta nemi dalili a inda ta sani. Ka karɓi addu'arta da tofinta da hannu biyu. Ka dai roƙe ta a dakata da duk abin sha ko na shafawa da ba a san haɗinsa ba har likita ya gama bincikensa, ka bayyana mata cewa ana zargin wani magani ne jikinka ba ya so, kuma kowane sabon abu da ya shiga cikinka yana ɓata sawun. Iyayenmu sun san abin da ake nufi da magani ya ƙi mutum, za ta fahimta.

In ka karɓo sunayen magungunan daga mai kemis, ka sake rubuto mini su tare da watannin da ƙurjin ya fito, ka kuma gaya mini ko na leɓen nan waje ya yi ko ciki, da yadda idonka yake. Zan duba in nuna maka waɗanda za ka ja wa layi kafin ranar ganin likita.